Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnonin Arewa: Kun Horar Da Mu Kan Kula Da Muhalli, Ku Ba Mu Aikin

Zuwa ga Masu Girma Gwamnonin Jihohin Arewa 19,
ta hannun Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa,
tare da Kwamishinonin Muhalli da Shugabannin Ma'aikata na jihohinsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah Ya ƙara muku lafiya Ya kuma dafa muku a kan nauyin jama'a da ke wuyanku, ina rubuto wannan wasiƙa ne a madadin 'yan'uwana matasa, maza da mata, da suka karanci kula da muhalli da sauran fannonin da ke jingine da shi: gandun daji, labarin ƙasa, lafiyar muhalli, kimiyyar ƙasar noma da ta ruwa. A cikinmu akwai 'yan Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da ta Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Maiduguri, da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, akwai 'yan jami'o'in da jihohinku suka gina da kansu, akwai kuma waɗanda suka fito daga kwalejojin kimiyya da fasaha da makarantun koyon tsafta. Da yawanmu da tallafin karatu na jihohinku muka kammala. Yau in kuka neme mu, za ku same mu a rumfar POS, ko a kan Adaidaita Sahu, ko a aji muna koyar da darasin da ba shi muka karanta ba. Ni kaina labarin ƙasa nake koyarwa a wata makarantar kuɗi. Babu wanda ya raina sana'arsa a cikinmu, halal muke ci, alhamdu lillahi. Abin da ke damunmu shi ne aikin da aka horar da mu dominsa yana nan jibge, ƙasa tana lalacewa muna ji muna gani, mu kuma muna tsaye a bakin ƙofa.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru shi ne shirin ACReSAL. A watan Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin farfaɗo da ƙasar da ta mutu, da gyara hanyoyin ruwa, da rage ɓarnar hamada da zaizaya a jihohinku 19 da Abuja. Shiri ne na shekara shida, ya kuma riga ya ci fiye da rabin wa'adinsa. Kuɗin nan rance ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya shi. Kafin shi an yi NEWMAP, wanda ya kwashe kusan shekara goma yana aikin zaizayar ƙasa, aka rufe shi a 2022. To ranar da aka rufe ACReSAL ɗin, aka ajiye motoci, ƙwararrun da aka yi haya suka koma inda suka fito, wane ne zai ci gaba da kula da dashen da aka yi, da magudanan da aka gina, da taswirori da bayanan da aka tara? Wannan tambaya ce tushen duk abin da zan faɗa.

Nijeriya ba ta da ƙarancin dokokin muhalli. A 1988 aka jibge gangunan guba da aka yi jigilarsu daga Italiya a garin Koko, a tsohuwar jihar Bendel, abin da ya tilasta wa gwamnatin soja kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a wannan shekarar. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 aka kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2015 aka yi dokar hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa mai aiki a jihohi 11 na bakin hamada, a 2021 kuma aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Kowace daga cikin dokokin nan ta haifar da aiki: awo, sa ido, rubuta rahoto, gurfanar da mai laifi, zama da jama'a. Amma a Abuja ake rubuta doka, ƙasar da dokar ke magana a kai kuwa tana hannunku. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamnanta. Gandun daji, burtali, kududdufi, bola, rijiyar ƙauye, duk a ƙarƙashinku suke. In jiha ba ta da ma'aikacin da zai je wurin, dokar ta tsaya a takarda.

Kuka na farko, ma'aikatun muhalli da na gandun daji sun tsufa, ba a kuma maye gurbin masu tafiya. Ma'aikaci yana barin aiki da zarar ya cika shekara 35 yana yi ko ya kai 60 da haihuwa, kuma waɗanda aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da ake dasa jerin itatuwan kare iska a Kano da Katsina da Sakkwato da Borno, sun tafi ko suna dab da tafiya. Na ga wannan da idona a lokacin hidimar ƙasa, a sashen gandun daji na wata jiha. Akwai wani dattijo malamin daji da muke kira Baba, wanda saura 'yan watanni ya yi ritaya. Shi kaɗai ne ya san inda duwatsun iyakar wani gandu suke. Wata rana muka fita tare a kan babur, ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya sa ƙafa ya share yashi, sai ga kan dutsen siminti da lambarsa ta kusa gogewa. Ya nuna mini gonakin dawa da suka shige gandun da nisa, ya faɗa mini shekarar da kowace ta shiga da yadda aka yi. Taswirar wurin kuwa tana naɗe a saman kabad a ofis, gara ta ci gefenta. Ni da wani abokina muka roƙi a ba mu na'urar GPS da kuɗin mai mu bi shi mu ɗauki lambobin duwatsun kafin ya tafi. Aka ce babu tanadin haka a kasafi. Hidimarmu ta ƙare, Baba ya yi ritaya, abin da ke kansa ya tafi da shi gida.

Irin wannan asara ba ta fitowa a jarida, amma sakamakonta yana fitowa. Gandun da ba a san iyakarsa ba, ba a iya kare shi a kotu. Dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku da Kuyambana da Falgore da Sambisa, sunayensu sun shiga bakin mutane ta hanyar da ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ba na cewa rashin malaman daji ne ya kawo 'yan bindiga, dalilan suna da yawa kuma kun fi ni saninsu. Abin da nake cewa shi ne dajin da hukuma ta daina shiga, wani zai shige shi. Mun ji a 2025 gwamnatin tarayya ta amince da ɗaukar dakarun tsaron daji, kuma muna maraba da hakan. Sai dai mai riƙe da bindiga daban, wanda ya san ƙidayar itatuwa da yanka hanyar kashe gobara da sasanta manomi da makiyayi a kan burtali daban. In tsaro ya dawo, shi na biyun ne zai riƙe dajin, kuma yanzu ya kamata a fara renonsa.

Kuka na biyu ya shafi 'yan tsirarun da suka yi sa'ar shiga aikin. Mai digiri yana farawa a mataki na 8, amma sau da yawa ba a san inda za a ajiye wanda ya karanci kula da muhalli ba, sai a tura shi sashen mulki yana jigilar fayil, ko a haɗa shi da masu karɓar haraji. Babu tsayayyen tsani da zai duba ya ce bayan kaza zan zama kaza in na ƙware a kaza. Babu kwas na ƙaro ilimi, babu alawus ɗin fita daji, babu abin awo. Wanda ya dage ya koya wa kansa zanen taswira a kwamfuta da manhajar QGIS, ko ya tara kuɗi ya yi jarrabawar lafiya da kariya a wurin aiki, da ya samu takardar sai ya tafi: ƙungiyoyin agaji a Maiduguri, ofisoshin Abuja, kamfanonin mai da na siminti. Ba laifinsa ba ne, yana da iyali. Amma jihar da ta biya kuɗin karatunsa ita ce ta yi asara, kuma a ganina ba albashi kaɗai ke korar mutane ba. Mutum ya yi shekaru bai taɓa ɗibar ruwa ya auna ba, ya ga iliminsa yana zubewa, wannan ma yana kora.

Kuka na uku, wanda ya fi ci mini rai, shi ne yadda aka mayar da aikin muhalli aikin kwangila da biki. Shiri zai zo da kuɗin waje, a buɗe ofis na musamman a gefen ma'aikata, a fitar da sanarwar neman ƙwararru da sharaɗin shekara goma na gogewa. Matashin da ba a taɓa ba shi shekara ɗaya ba, ina zai samo goma? Sai manyan kamfanonin ba da shawara su karɓi aikin, su ɗauke mu na 'yan makonni mu cika musu takardun tambayoyi a ƙauyuka saboda mu ne muke jin yaren, a sallame mu, sunanmu ko a bayan rahoton ba ya fitowa. Haka dashen itatuwa. Kowa a cikinmu ya taɓa tsayawa a wurin bikin dashe: rumfa, kujeru, dashe a baƙar leda jere cikin sahu, babban baƙo ya dasa ɗaya ya zuba ruwa, a ɗauki hoto. Sau da yawa damina ta riga ta yi nisa. Babu shinge, babu mai ban ruwa, babu wanda aikinsa ne ya dawo a watan Maris ya ƙirga nawa suka rayu. Awaki su ci rabonsu, bazara ta ƙarasa sauran. Shekara ta zagayo a sake ba da kwangilar sabon dashe a wuri guda. Ana faɗa mana adadin da aka dasa, ba a faɗa mana adadin da ya tsira, domin ba a ɗauki mai ƙirgawa ba.

Ku dubi 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka. A shekarun 1980 a yankin Maraɗi, bayan an sha dasa itatuwa suna mutuwa, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Aka riƙa bin manoma gona-gona ana nuna musu yadda za su zaɓi tofo mai ƙarfi su bar shi, su datse sauran, su kare shi har ya zama itace. Manoman suka kira abin sassabin zamani. Da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ba malamin daji zai zo ya ci shi tara a kansa ba, sai abin ya bazu daga ƙauye zuwa ƙauye. An ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, kuma gawo ya sake cika gonakin gero. Ba tankar ruwa ce ta yi wannan aiki ba. Mutane ne da suka zauna da manoma shekara da shekaru, suna jin yarensu, suna dawowa bayan kowace damina. Ƙasar Daura da Maigatari da Illela ɗaya ce da tasu, yarenmu ɗaya, irin mutanen da za su yi aikin kuma ga mu nan birjik.

Kuka na huɗu, nazarin illar ayyuka ga muhalli. Ƙa'ida ta ce a baje rahoton a bainar jama'a na kwana 21 na aiki domin waɗanda abin ya shafa su faɗi ra'ayinsu. Na taɓa zuwa sakatariyar wata ƙaramar hukuma domin duba irin wannan rahoto na wani aikin fasa dutse. Na same shi a kan benci a wani ofis, kundi mai kauri da Turancin ƙwararru, littafin sa hannun masu dubawa a gefensa fari fat. Da na isa ƙauyen da ke kusa da dutsen, mai unguwa ya ce shi dai ya ga baƙi sun zo sun yi awo sun tafi. Bai san akwai takardar da ta yi magana a kan rijiyarsu da ƙurar da za ta sauka a gonakinsu ba, balle ya san yana da ikon cewa wani abu. Wannan gurbi ne na aiki a fili: mutumin da zai karanta rahoton ya gane, ya mayar da shi Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Nufanci ko Tibi, ya zauna a ƙofar fada ya yi bayani, sannan ya dawo bayan an fara aiki ya duba ko kamfani ya cika alkawarin da ya rubuta.

Ranku ya daɗe, ba sai na tuna muku Zamfara ba, amma dole in yi, domin a can ne aka ga abin da rashin ma'aikacin muhalli yake jawowa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida a daka, a niƙa, a wanke, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ƙurar kuma cike take da dalma. Sai da yara suka yi ta suma suna mutuwa kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su gano cewa ba zazzaɓi ba ne. Aikin ceto ya kasu biyu: likita ya ba da maganin fitar da gubar, ma'aikacin muhalli kuma ya kankare ƙasar gida ya kwashe, ya zuba mai tsabta, domin in ba a yi na biyun ba yaron da aka yi wa magani zai koma cikin gubar. Sai da aka ɗauko ƙwararru daga Amurka da na'urar hannu da ake ɗorawa a kan ƙasa ta nuna yawan dalma nan take. Bagega ma sai 2013 aka share ta. Bayan shekara biyar da farkon abin, a 2015, ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ya kashe yara aƙalla 28. Yau haƙar ma'adinai ta ƙaru a Zamfara da Neja da Kaduna da Kebbi da Nasarawa da Filato. Lasisin haƙa na tarayya ne, mun sani, amma tsakar gida da rijiya da yaron da ke wasa a ƙasa naku ne. Jiha nawa ce yau take da wannan na'ura da ma'aikacin da aikinsa ne ya zaga da ita?

A nan ne kuma maganar 'yan'uwanmu mata ta shigo. Ɓarnar Zamfara a cikin gida ta faru, inda ba a shiga. Namiji baƙo ba ya wuce zaure. Haka batun hayaƙin murhu, da randar ruwan sha, da masai, da sharar gida. Akwai mata da yawa da suka yi wannan karatu tare da mu, wasunsu su ne kan gaba a aji, amma ana ganin aikin fita ba nasu ba ne, sai a bar su a ofis ko a gida. Rabin aikin nan su kaɗai ke iya yin sa.

Ambaliya ba ta buƙatar dogon bayani. A 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasa, Jigawa na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ranar 10 ga Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya ci Mokwa. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da ta lura da ruwa ta NIHSA suna fitar da hasashensu tun kafin damina, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Abin da ya rage shi ne mutumin da zai ɗauki hasashen ya ce wannan unguwa, wannan kwalbati, wannan gidan da aka gina a kan hanyar ruwa. A kwarin Haɗeja zuwa Nguru kowa ya san yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Chalawa suka sauya tafiyar kogin. Yanke ta aiki ne na kowace shekara mai buƙatar awo da tsari, ba na rana ɗaya ba. Iyayenmu suna ba mu labarin duba-gari, wanda in aka ce yana zuwa unguwa kowa sai ya share kwatarsa ya rufe randarsa. Kundin tsarin mulki ya ɗora kwashe shara da kula da magudanan ƙazanta a kan ƙananan hukumomi, kuma akwai 413 a jihohinku. Ga su nan, ga matasan da suka yi karatun nan, ba a haɗa su ba.

Ba gwamnati kaɗai za ta ɗauke mu ba, kuma ba ma fatan haka. Amma kamfani ba ya ɗaukar jami'in muhalli sai ya san za a zo a duba shi. A Kano, bincike ya daɗe yana nuna yadda ruwan masana'antun fata da na sauran kaya daga Sharaɗa da Chalawa da Bompai ke gangarawa Kogin Chalawa da rafin Getsi da Jakara ɗauke da sinadarai irin su kuromiyom, alhali da ruwan nan ake ban ruwan latas da alayyahun da ke shiga kasuwa. Dokar sauyin yanayi ta 2021 ta ce duk kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata 50 zuwa sama ya naɗa jami'in sauyin yanayi ko na kula da muhalli da zai riƙa ba da rahoto duk shekara. Ku ƙirga masana'antu da manyan gonaki da asibitoci da kamfanonin gine-gine da suka kai wannan adadi a Kano da Kaduna da Jos da Ilori kaɗai. Ranar da hukumomin kare muhalli na jihohinku suka fara tambayar kowane kamfani ina jami'inka, ina sakamakon awon ruwan da kake zubarwa, guraben aiki za su buɗe ba tare da kun biya albashin ko mutum ɗaya ba.

Akwai gyara a ɓangaren karatun ma, kuma jami'o'in jihohi a hannunku suke. Ɗalibi ya gama digiri bai taɓa riƙe na'urar awon gurɓacewar ruwa ba sai hotonta a allo, wannan ba ƙaramin naƙasu ba ne. Watannin koyon aiki na SIWES, da yawa a kan benci ake cinye su ana jiran sa hannu a littafi. Mai hidimar ƙasa da ya karanci muhalli kuma makaranta ake tura shi, ko da ma'aikatar da ta dace da shi tana tsallaken titi.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da muke roƙo.

Kowace jiha ta yi ƙidayar ma'aikatanta na muhalli da gandun daji da tsafta: nawa ne, me suka karanta, nawa za su yi ritaya nan da shekara biyar. A bayyana sakamakon. Sannan a cike guraben ta hanyar sanarwa a fili da jarrabawa, ba ta takardar wane ba, a kuma ɗauki sababbin tun tsofaffin suna nan, domin a samu ko shekara ɗaya ta miƙa ilimi hannu da hannu. Dattawan da suka riga suka tafi, a nemo su a biya su, a haɗa su da matasa da GPS a ɗauki iyakokin gandaye da burtuloli a adana a kwamfuta.

Kafin a rufe ACReSAL, ku sa sharaɗi a duk kwangilar da ta rage cewa kowane ƙwararre zai yi aiki da matasan jihar da suka karanci fannin, daga farko har ƙarshe, da alawus da takardar shaidar aikin da suka yi. Waɗanda shirin ya riga ya horar, a ba su gurbi na dindindin a ma'aikata. Na'urori da taswirori da bayanai a miƙa su ga ma'aikata a rubuce, da sunan jami'in da zai riƙe su, a kuma sa kuɗin kula da su a kasafin shekarar da za ta biyo baya. Wannan shi ne roƙon da ya fi gaggawa, domin lokacinsa ƙirgagge ne.

Shugabannin ma'aikata su zauna su tsara wa jami'in kula da muhalli tsaninsa na aiki, daga mataki na 8 har darakta, da kwasa-kwasan da ake buƙata a kowane hawa da alawus ɗin fita. Kowace ƙaramar hukuma ta samu aƙalla jami'in muhalli ƙwararre ɗaya tare da duba-garinta, a tabbatar kuma da akwai mata a cikin duk wata ɗauka.

Kason muhalli da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya, a ware wani ɓangare nasa a sarari domin mutane da kayan awo, ba siminti kaɗai ba. Ko ɗakin gwaje-gwaje ɗaya mai aiki a kowace jiha, a cikin jami'ar jihar, wanda ma'aikata da ɗalibai da kamfanoni za su riƙa amfani da shi, zai sauya abubuwa da yawa. Jihohin da ake haƙar zinariya kuma su mallaki na'urar awon dalma tasu ta kansu.

Duk rahoton nazarin illar aiki da ya shafi jiharku, ku nemi a taƙaita shi da yaren mutanen wurin, a karanta a rediyo da ƙofar fada kafin kwana 21 ɗin su cika.

Ga waɗanda suka zaɓi tsayawa da ƙafarsu, kuma suna da yawa, ku zama masu sayen kayansu. A sayi dashe daga lambunan reno na matasa da mata a ƙaramar hukumar da za a dasa shi, a biya wani kaso lokacin dasawa, sauran kuma bayan an ƙirga waɗanda suka tsallake rani. A ba masu haɗa takin gargajiya daga sharar kasuwa da masu niƙa roba fili da lasisi, a yi wa 'yan jari-bola rajista a ba su safar hannu da takalmi, domin su ne suke sake sarrafa shara a biranenmu tun kafin a koya mana sunan abin a aji.

A ƙarshe muna roƙon Ƙungiyar Gwamnonin Arewa ta sa wannan batu a ajandar zamanta na gaba, ta umarci kwamishinonin muhalli su kawo ƙidayar ma'aikatansu da shirinsu na bayan ACReSAL. Duk kwamishinan da ya ba mu lokaci, za mu zo da jerin sunayen 'yan jiharsa da suka yi wannan karatu, da abin da kowa ya iya, da ƙaramar hukumar da yake shirye ya zauna.

Allah Ya taimake ku, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Naku cikin girmamawa,
ɗaya daga cikin 'ya'yanku da suka karanci kula da muhalli,
a madadin 'yan'uwansa maza da mata na jihohin Arewa.